Hayaƙin Shago da Haƙƙin Maƙwabci a Illela

Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da sanya hayaƙi cikin nau'o'in cutar da ake hana mai gini ya jawo wa maƙwabcinsa, kuma Ibnu Rami, maginin birnin Tunis na ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen da suka shafi hayaƙin gidajen gasa burodi da gidajen wanka. Sai dai hayaƙin da suka yi hukunci a kansa ido yana ganinsa, wanda ya cutu kuma yana iya kai ƙara gaban alƙali.

A Illela, garin kan iyaka da ke fuskantar Birnin Ƙonni, shaguna da sito-sito da gidajen mai suna dogaro da janareta saboda ƙarancin wutar lantarki, kuma ginin bulo mai rufin kwano yana tara zafi har sai an nemi fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Janaretan yana fitar da iskar kabon, wadda ba ta da launi balle wari, amma tana taruwa a sararin samaniya ta riƙe zafin rana, abin da ake kira ɗumamar yanayi. Wanda cutarta ke samu yana iya zama makiyayi a Tawa, ko jikan da ba a haifa ba tukuna.

Akwai hujja mai ƙarfi da ke neman wanke ɗan kasuwar Illela, domin abin da Afirka gaba ɗaya take fitarwa bai wuce kashi 4 cikin ɗari na kabon ɗin duniya ba, kuma zalunci ne a ɗora wa mai sayar da ruwan sanyi laifin masana'antun Turai da Amurka da Sin. Amma ƙarancin kaso yana rage nauyi ne kawai, tunda shari'a tana ɗora wa kowa gwargwadon ikonsa, ikon kuwa a nan yana hannun mai ginin, ba ɗan haya ba. Shi ne yake zaɓar tsawon bango da faɗin taga, shi ne zai sa silin ko ya bar kwano tsirara, shi ne zai dasa darbejiya a ƙofa ko ya ɗora farantin sola a rufi, wanda tun cire tallafin man fetur a 2023 ya zama hanyar rage asara. Alkawarin da Najeriya ta ɗauka a Gilasgo a 2021, na daidaita kabon ɗin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa zuwa 2060, zai dogara ƙwarai ga irin wannan zaɓi, domin rukunin shagunan da aka aza harsashinsa bana yana iya kaiwa waccan shekara.