Yawon kallon ganye: shagala ce ko tafakkuri?

A farkon watan Oktoba na kowace shekara, wata hanya mai suna Kancamagus a jihar New Hampshire ta Amurka takan cika da motoci har a rasa wurin tsayawa. Tsawonta kimanin kilomita 55 ne, daga garin Lincoln zuwa Conway, ta ratsa dajin White Mountain, babu gidan mai ko kanti a tsakani. Abin da ya tara jama'ar nan ganye ne kawai. Bishiyoyin mapul da makamantansu sun rikiɗe daga kore zuwa ja da rawaya da ruwan goro, tsauni bayan tsauni, kuma kowa ya san nan da mako biyu ko uku iska da ruwan sama za su kakkaɓe su ƙasa. Har taswira ake sabuntawa a intanet don kada matafiyi ya makara.

Wanda ya tashi inda ganye ke bushewa ya zube cikin ƙurar hunturu ba tare da kowa ya ɗaga kai ba, dole ya yi mamaki. Mene ne abin sha'awa a ganyen da ya kama hanyar mutuwa, har mutum ya ƙona mai, ya biya kuɗin masauki don ya gan shi? Tambayar ta yi kama da zolaya, amma malaman addini da masana falsafa sun daɗe suna juya ta.

Sai an fara da abin da ke faruwa cikin ganyen. Idan dare ya soma tsawo, sanyi ya kunno kai, bishiya takan daina samar da sinadarin kulorofil, wanda shi ke ba ganye korensa. Sai ta farfasa wanda ya rage, ta janye abubuwa masu amfani irin su naitirojin zuwa rassa da saiwoyi, ajiyar baɗi. Rawayar da ke fitowa tana nan tun lokacin zafi, koren ne ya lulluɓe ta. Ja kuwa sabo ne fil. Bishiyar ke ƙera shi daga sukarin ganye a makonnin ƙarshe, kuma ya fi ƙayatarwa idan aka samu rana tarwai da dare mai sanyi wanda bai kai ga ƙanƙara ba. To me zai sa ta kashe dukiya a kan abin da za ta yar? Nan masana suka rabu. Wasu sun ce jan laima ce da ke kare ganye daga zafin haske yayin da ake kwashe kayan ciki. Wasu kuma, cikinsu har da masanin halittu ɗan Ingila W. D. Hamilton a wata maƙala da ta fito a 2001 bayan rasuwarsa, sun ce gargaɗi ne ga ƙwari su nemi wata bishiyar.

Henry David Thoreau, marubucin garin Concord a Massachusetts, bai yarda ma a kira abin mutuwa ba. A maƙalarsa Autumnal Tints, wadda mujallar Atlantic ta buga a Oktoban 1862, ya nace cewa jan ganye nuna ce irin ta 'ya'yan itace. Yana kwance da tarin fuka ya gyara rubutun, kuma ya rasu a watan Mayu, yana da shekara 44, bai ga fitowarsa ba. Da wuya mai karatu ya ƙi zargin cewa kansa yake lallashi.

Japanawa sun bi ta wata ƙofar. Fita kallon jan ganye, wanda suke kira momijigari, al'adar fadawa ce tun zamanin Heian, tsakanin 794 da 1185, kuma har yau haikalin Tofuku-ji na Kyoto kan cika maƙil a watan Nuwamba. Koyarwar Buddha cewa babu abin da ke dawwama ta ratsa wannan kallo: a wurinsu gajeren kwanan ganyen yana cikin kyawunsa.

Musulmi ma ba baƙo ba ne ga wannan hoto. Aya ta 45 a Suratul Kahf ta kwatanta rayuwar duniya da tsiron da ruwa ya raya, ya bushe, iska ta sheƙe shi. Aya ta 20 a Suratul Hadid ta ambaci shukar da ke burge manoma kafin ta yi rawaya ta karairaye. Mai gaggawar fatawa zai ce to ga hukuncin, yawon kallon ganye shagala ce da ƙawar duniya. Sai dai Littafin da ya yi wannan gargaɗi shi ne ya ja hankali, a Suratu Faɗir, zuwa ga bambancin launukan 'ya'yan itace da duwatsu, ya umarci mutane a Suratul Ankabut su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda aka fari halitta, ya kuma sanar a Suratul An'am cewa ko ganye ɗaya ba ya faɗuwa ba da sanin Allah ba. Ayar Hadid ɗin kanta ba ta musanta cewa shukar na burgewa ba. Da burgewar ta gina wa'azinta. Wanda bai taɓa tsayawa ya ji daɗin kore ba, rawayar ba abin da za ta faɗa masa. Saboda haka raba jin daɗi da izina gida biyu, a ce ɗaya na 'yan yawon buɗe ido, ɗaya na masu taƙawa, rabo ne da nassin bai yi ba.

Akwai ma wani darasin da yawancin matafiya ke wucewa ta kansa a guje. Dajin jihar Vermont da ake ɗauka a hoto ba tsohon daji ba ne. Bayan wani mai suna William Jarvis ya shigo da tumakin merino a 1811, aka yi ta sare itatuwa don kiwo da noma, har a tsakiyar ƙarnin kusan kashi uku cikin huɗu na jihar ya zama fili. Kasuwar ulu ta faɗi, manoma suka yi ƙaura yamma, daji ya dawo da kansa. Yau kusan kashi uku cikin huɗu na jihar daji ne, kuma tun 1968 jihar ta haramta manyan allunan talla a bakin hanya. Mai tuƙi a kan hanyar Route 100 ta jihar yana kallon ƙasar da aka rayar bayan mutuwarta, ko ya sani ko bai sani ba.

Inda yawon yake faɗuwa jarrabawa shi ne wajen haƙƙin mutane. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri a Sahihul Bukhari ya sa kame kai daga cutarwa cikin haƙƙoƙin hanya, kuma a nan ne masu kallon ganye suka fi samun tuntuɓe. Pomfret, ƙauye mai mutum kusan 900 a Vermont, ya shiga uku bayan hoton wata gona ya bazu a Instagram da TikTok. Motoci suka toshe siririyar hanyar Cloudland da ke kai wa gonar, baƙi suka riƙa tsallake shinge suna shiga filin mutane don ɗaukar hoto. A 2023 hukumar garin ta rufe hanyar Cloudland ga duk wanda ba mazauni ba, daga 23 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba, daidai lokacin da ganyen ya fi kyau. A 2024 ta sake rufe ta.