Shin Karatu Yana da Wa'adi?

Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi sun yi gaskiya a kan tarbiyya, amma ilimi ba ya bin wannan doka. Imamu Buhari ya kafa hujja da cewa sahabbai sun yi karatu da girmansu. Don haka magidancin da ya zana jarrabawar WAEC yana ɗan shekara 40, ya yi digiri a jami'ar NOUN, har ya cancanci neman gurbin MBA, bai makara ba. Bashin da talauci ya ɗora masa yake biya.

Za a ce ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke juya miliyoyi, me malamin jami'a zai koya masa? Ciniki kam ya iya. Sai dai kasuwancin da lissafinsa ke cikin kan mutum ɗaya, ranar da ya faɗi magada kan tarar da rigima. Ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Ƙorafin da ke da nauyi shi ne haƙƙin iyali: idan kuɗin makarantar uba zai cinye na 'ya'yansa, uban ya dakata. In ba haka ba, ya je ya yi rajista.