Karayar Yatsa da Nauyin da Ke Kan Maƙwabci

Tun kafin gari ya waye, maza sukan fito daga Aboabo da Asawase da Sabon Zongo su nufi kasuwar Kejetia, inda suke tura amalanken doya da buhunan albasa. Yawancinsu silifa ce a ƙafarsu. A ce wata rana ɗaya daga cikinsu yana gangara da kaya, amalanken ya fi ƙarfinsa, taya ta bi ta kan ƙafarsa, yatsu biyu suka karye. Ba wanda ya yi nufin mugunta. Mai kaya ya ce sannu, 'yan kasuwa suka ce sannu, aka kira wani ya ƙarasa da kayan.

Mutane sun raina karayar yatsa. In cinya ce ta karye, gida yakan cika da masu gaisuwa, amma mai yatsa har dariya akan yi masa. Alhali kuwa ƙasusuwa 26 ne a ƙafa ɗaya, 14 daga cikinsu a yatsu suke: babban yatsa yana da biyu, sauran huɗun kowanne uku. Da su mutum yake dafa ƙasa ya cira gaba, musamman babban. Idan ƙaramin yatsa ne ya karye bai kuwa goce ba, akan sa auduga tsakaninsa da na kusa da shi a ɗaure su tare da filasta, a riƙa ɗaga ƙafar, a sa takalmi mai taurin ƙasa. Idan babban ne, ko yatsan ya karkace, ko fata ta fashe, ko mutumin yana da ciwon sukari, to, sai asibiti, a ɗauki hoton ƙashi. Ko ta wace hanya aka bi, ƙashi yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya haɗe. Ba a yi masa ciniki.

A nan maganar take. Kowa ya zo dubiya sai ya ce, "Yi haƙuri, ka huta." Shawara ce mai kyau, likita ma ita zai bayar. Amma mutumin nan abin da ya samu da rana shi ake dafawa da dare. Ran da bai fita ba, babu kuɗin koko da ƙosai na yara, ga mai ɗaki yana jiran haya. Kwana huɗu ko biyar sai ya ɗaure ƙafa da tsumma ya koma bakin aiki. Ƙashi ya haɗe a karkace, ya riƙa taka gefen ƙafa, ciwo ya daɗe. Sa'an nan waɗanda suka gaishe shi hannu wofi su ce, "Ai shi ba ya da haƙuri." Wannan hukunci ba daidai ba ne. Hutun mako shida abu ne da ake saya, wanda kuwa ya umarci matalauci ya huta, bai kawo ko kwanon gari ba, ya aza masa dokar da shi kansa ba zai iya kiyayewa ba.

To, wa zai biya? Mai kaya zai ce tsautsayi ne, ba shi ya tura tayar ba. Gaskiya ne, ba shi da laifi irin na wanda ya ɗaga sanda. Littafin Fitowa sura 21 ya yi magana a kan mutumin da ya ji wa wani rauni cikin faɗa, aka ɗora masa abu biyu: ya biya lokacin da mai raunin ya yi hasara, ya kuma ɗauki jinyarsa har ya warke. Faɗa ne can, a nan kuwa haɗari, saboda haka ba za a kama mai kaya da wannan doka kai tsaye ba. Duk da haka abin lura ne, tun a wancan zamani an gane kwanakin da ma'aikaci ya kwanta dukiya ce da ta salwanta. Laifi dabam, nauyi dabam. Doyar wa ake turawa sa'ad da yatsun suka karye? Wa ya sa aka labta kayan sawu biyu a sawu ɗaya don a rage lada? Wanda ya ci ribar ƙafar mutum tana lafiya, bai kamata ya zama baƙo gare ta ran da ta karye ba.

Gwamnati ta ɗauki wani sashi. Dā a Gana sai an biya kuɗi hannu kafin a duba mutum, har aka kafa dokar inshorar lafiya a 2003. Wanda katinsa yake da rai, in ya je asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee, zai sami sauƙin kuɗi. Amma kati ba ya sayen shinkafa da wake. 'Yan matan nan na arewa da ake kira kayayo (daga kalmar Hausa "kaya" sunan ya fito), su ma haka abin yake, har ya fi muni, gama da yawansu ba su da dangi a gari.

Zongo kuwa ya san amsar tun dā. Bayan yaƙin Salaga na 1892, fataken goro suka watsu, daga baya da yawa suka zauna a Kumasi. Baƙo ya sauka a gidan maigida, maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya tsaya masa a ciniki, in ya kwanta ciwo ba a jefar da shi. I, maigida yana da ribarsa a ciki, ba sadaka ce zalla ba. Amma ya yarda cewa wanda ka ci amfaninsa ya shiga wuyanka.

Wani zai ce maƙwabtan ma matalauta ne, akwai kuma malalaci da zai mai da mako shida wata shida. Akwai shi. Sai dai karaya tana da iyaka, ana iya ƙidaya kwanakinta, gida shida kuma in kowanne ya ɗauki mako guda ba wanda zai durƙushe. 'Yan adashi suna iya ba shi ɗauka tun layinsa bai zo ba.

Mai karayar shi ma yana da nasa. Kada ya ɓoye ciwo don kunya, kada ya bari a yi ta murza yatsan da ya kumbura ana cewa targaɗe ne. Masu ɗori na gargajiya suna da gwanintarsu, amma ba su ganin cikin ƙafa. Idan kuma matar maƙwabci ta aiko yaro da tuwo, ya karɓa, kada ya ce ya ƙoshi. Wannan ya fi yi wa maza da yawa wuya fiye da ciwon, musamman wanda ya shekara ashirin bai taɓa cin abin da ba guminsa ba.