Bangon Ƙasa Da Zafin Rana

A watan Afrilu, idan rana ta take tsaka a Mubi, duwatsun Mandara da ke gabas da gari sukan yi fari-fari don zafi, Kogin Yedzaram ya koma yashi sai ɗan ruwa kwance nan da can, dillalan kasuwar shanu kowa na neman inuwar da zai raɓa. A irin wannan lokaci akwai ɗan gwajin da ba ya cin ko kwabo. A nemi gida mai ɗaki iri biyu, ɗaya na bulo da rufin kwano, ɗaya tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin wanda kakanni suka bari. Wanda ya shiga na farko da misalin ƙarfe biyu ba zai daɗe ba gumi zai kore shi. Sai ya je wajen na biyun ya ɗora tafin hannunsa a bangon ta waje. Zai ji zafi rau. Ya zagaya ciki ya ɗora hannun daidai wurin, zai ji sanyi kamar gefen randa. Bango ɗaya ne, rana ɗaya ce ke dukansa, kaurinsa bai wuce taƙi biyu ba. To ina zafin ya shiga?

Yana nan cikin bangon, tafiya yake yi sannu a hankali. Ƙasa mai nauyi da kauri takan sha zafi da yawa kafin ita kanta ta ɗumama, kuma kowane ɓarɓashi sai ya ƙoshi sannan ya miƙa wa na kusa da shi. Zafin da ya sauka a bayan bango da hantsi yakan ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ya iso fuskar ciki. Lokacin da zai iso, rana ta faɗi, iska ta juya, sararin sama ya fara sanyaya duniya. Sai wani kaso na zafin ya koma ta inda ya fito, ragowar kuma ta shigo ɗaki a daidai lokacin da ba ta cutar da kowa. A watannin hunturu, wannan ragowar ce ke hana tsoho rawar ɗari da asuba. Kwano kuwa ba shi da cikin da zai ajiye komai. Abin da rana ta ba shi nan take yake zuba wa na ƙasa da shi, da ta faɗi kuma ya huce kamar ba a taɓa yi ba.

Akwai wata mai zanen gine-gine 'yar Nijar da ta ɗora aikin rayuwarta kan wannan hali na ƙasa. Sunanta Mariam Issoufou, an kuma daɗe da saninta da Mariam Kamara. An haife ta a 1979 a Faransa, ta tashi a Nijar. Ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aikin rubuta manhaja, aiki mai albashi da rufin asiri. Daga baya ta ajiye shi ta koma aji a Jami'ar Washington, ta gama digiri na biyu a fannin zanen gine-gine a 2013. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta raɗa masa suna da kalmar Hausa: masomi. Wadda ta ga dogayen benayen gilashi na manyan biranen duniya, da ta tashi kafa nata sai ta koma inda aka soma.

Abin da ta lura da shi kowane mazaunin Mubi ya san shi. A garuruwanmu ana auna arzikin mutum da siminti. Wanda ya samu wadata sai ya rushe ɗakin ƙasa ya ɗora bulo, a ce ya ci gaba. Sannan ya sayi fanka, ya sayi janareto, ya shiga sayen mai don ya kori zafin da ginin nasa ya kira. Ra'ayinta shi ne gini ya dace da ƙasar da ya tsaya a kanta, da rana da iskar wurin, da aljihun mutane, da yadda suke zama da iyali da baƙi. Farkon inda ta nuna haka shi ne rukunin gidaje shida da ake kira Niamey 2000, wanda ta tsara tare da abokan aikinta uku aka kammala a 2016. Benaye ne na zamani masu tsakar gida da inuwa, amma da tubalin ƙasa aka gina su.

Tubalin nata ɗan'uwan namu ne da ya sami wata tarbiyya. Maginin gargajiya yakan haƙo ƙasa, ya jiƙa ta, ya zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya a rana. Sabon kuwa ana tankaɗe jar ƙasa a fitar da tsakuwa da saiwa. A zuba siminti ɗan kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin 100. A yayyafa ruwa daidai yadda idan aka dunƙula a hannu za ta kama ba tare da ta jiƙa tafin ba. Sai a zuba a injin matsi mai dogon hannu, irin wanda aka fara ƙerawa a ƙasar Kolombiya a shekarun 1950, a danne da ƙarfi har iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasar ta fita. Tubali ya fito da kusurwa huɗu santal. Ba a ƙona shi, ba a kuma jefa shi rana nan take. Ana jera shi a lulluɓe, ana kiyaye danshinsa, har wajen mako huɗu. Wanda aka yi wa gaggawa aka shanya da wuri yakan yi kyan gani, amma da an ɗora masa nauyi sai ya marmashe.

Da irin wannan tubali aka yi aikin da ya fi fito da sunanta, a ƙauyen Dandaji da ke jihar Tawa, ƙasar Hausawan Adar. Tsohon masallacin Juma'a na ƙasa ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Hanya mafi sauƙi ita ce a rushe shi a zuba kankare. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar Iran, suka ba da wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 a gefensa. Aka nemo maginan gargajiya aka yi aikin tare da su, su suna koyar da abin da hannunsu ya sani, ana nuna musu sababbin dabaru. Aka gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. Yankin dama ba baƙon gwanaye ba ne. A Yama, cikin wannan jiha, Alhaji Falke Barmu ya soma gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Kafin su duka, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizo a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Daga Dandaji sunan Mariam ya kai nesa: ta sami lambar Yarima Claus ta ƙasar Holan a 2019, aka ba ta zanen cibiyar Ellen Johnson Sirleaf a Laberiya, ta zama farfesa a jami'ar ETH da ke Zurich. Ƙasar da ake takawa ce ta kai ta can.

Yanzu a koma ga bangon nan da tafin hannu ya taɓa. Daga ƙasa aka halicci ɗan'adam, don haka ba abin mamaki ba ne a ga halinsa a jikin bango. A kowane gida, kowace kasuwa, kowane ofis, akwai mutum kwano. Aka faɗa masa magana mai zafi a tasha, kafin ya isa gida ya sauke ta kan matarsa. Matar ta sauke kan yaro, yaro ya sami akuya ya kai mata duka. Zafin mutum ɗaya ya ratsa rai huɗu kafin la'asar, don babu wanda ya riƙe shi ko na sa'a guda. Sau da yawa mutum kwano ba mugu ba ne. Da magariba ta yi ya huce, yana dariya, yana mamakin abin da ya sa mutanen gida suka yi shiru. Ya manta cewa su ne suka wuni a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma mutum bango. Shi ma rana ba ta ƙyale shi ba, wanda ya taɓa shi ta waje zai san yana jin abin da kowa ke ji. Bambancin kawai, maganar da aka jefa masa da hantsi ba ta isa bakinsa sai bayan isha'i. A wannan doguwar tafiya rabinta ya koma inda ya fito, ragowar ta sauya kama. Abin da zai zama zagi da rana ya zama nasiha da dare. Yara na wasa a gindinsa ba su san abin da ya tare musu ba. Mutanen Mubi sun ga irin waɗannan bayan tashin hankalin 2014, lokacin da jama'a suka dawo suka tarar da shaguna a ƙone da gidaje a fashe. Iyaye mata da dattawan unguwa da yawa sun haɗiye abin da ido ya gani, suka share tsakar gida, suka ɗora tukunya, don kada zafin ya isa ga ƙanana gaba ɗaya.

Irin wannan kauri ba a sayensa rana ɗaya, kuma tubalin ya nuna hanyarsa. Asalinsa ƙasar gida ce, wato tarbiyyar iyaye da harshen uwa da addini. Ana tankaɗe ta, don ba duk abin da aka gada ne ke shiga gini ba. Ana ƙara mata abin waje gwargwado, ilimin boko da ganin duniya, kamar simintin da ke ɗaure ƙasa ba tare da ya kore ta ba. Sai matsi, wato wahalar makaranta da ta sana'a da ta zaman tare, wadda ke fitar da iskar girman kai daga tsakanin ƙwayoyin mutum. Bayan haka sai jira a lulluɓe. Yaron da aka fito da shi rana tun da danshinsa, aka ɗora masa kuɗi ko muƙami ko suna, shi ne tubalin da aka shanya da wuri.

Sai dai bangon ƙasa yana da sharuɗɗa biyu, kuma duk magini ya san su. Na farko, dole ya sami dare. Idan aka rufe tagogi ruf aka hana iskar asuba shiga, zafin jiya zai tarar da na yau, cikin 'yan kwanaki ɗakin da aka sani da sanyi ya koma tanda. Mai haƙuri ma yana bukatar inda zai sauke abin da ya ɗauka: sallar dare, amini mai riƙe sirri, ɗan'uwan da zai zauna ya saurara. Na biyu, bangon da ya gagari rana ruwa ne ajalinsa. Ɗigon da ke sauka wuri ɗaya daga indararon da ya karye yakan yi masa ɓarnar da zafin shekara goma bai yi ba. Shi ya sa magabata ke ɗaga masa gindi, su gyara rufi, su shafe shi da makuba, kuma duk shekara kafin damina a taru a yi yaɓe. Ƙaramin raini na kullum, da rashin godiya, da ɗaukar cewa ai wane ba ya fushi, su ne ɗigon da ke cin mai haƙuri ta gindi, kuma ba a ganin ɓarnar sai ranar da ya zube.

Kusan kowane gida yana da bangonsa. Wata uwa ce, wani babban wa ne, wata kishiya ce da ta zaɓi shiru, wani maƙwabci ne da ake kai wa kowace rigima. Saboda ɗakin yana da sanyi, mazauna ciki sukan ɗauka rana ce ba ta da zafi. Ga damina na tafe, hadari ya fara haɗowa ta kan duwatsun Mandara. Lokaci ne da ya kamata a fita a zagaya bayan ɗaki, a ɗora hannu ta waje a ji abin da bangon ya wuni yana sha, a duba inda ya tsage, a kwaɓa ƙasa.