Abin da ke cikin gafaka

Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar tsohon malami ya san littattafanmu na dā ba ɗinke su ake yi ba. Falle-falle suke, a jere, an ɗaure da igiyar fata, galibi babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalma guda da mai rubutu ke sawa can ƙasan shafi, wadda da ita falle na gaba zai fara. In yaro ya yi tuntuɓe da gafakar takardu suka watse, sai mai karatu ne zai mayar da kowace mazauninta.

To, ga mai kyamara ya zo ɗaukar hoton takardun. Ya san haske, ya san yadda zai ɗauka jar tawada ta fita daban da baƙa, ya san ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Malam bai san ko ɗaya ba, gara da yoyon damina kuwa ba za su jira ya koya ba. Amma a bar mai kyamara shi kaɗai, yadda ya tarar da takardun haka zai ɗauke su: rabin littafin fiƙihu, wasiƙar bin bashi, waƙar wa'azi da ajami, duk a cakuɗe. Hoto tangaran, amma ba mai iya nemo komai a ciki.

Da 'yan bindiga suka mamaye Timbuktu a 2012, Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa suka kwashe dubban ɗaruruwan rubuce-rubuce zuwa Bamako a ɓoye. Ɗaukar hotonsu da tantance su ya ci shekaru, da hannun wani ɗakin karatu na Minnesota a Amurka, kuma a 2022 Google ya ɗora shafuka sama da 40,000 a intanet. Haka a Jami'ar Boston, Farfesa Fallou Ngom da tawagarsa suka tattara ajamin Hausa, Fulatanci, Wolof da Mandinka, masu na'ura na ɗauka, masu harshen na karantawa suna fassarawa.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen girmamawa. Wani farfesa sai ya gama tsara komai sannan ya ce a kira "yaron kwamfuta". Wani injiniya kuma kallon mai gadin kaya yake yi wa malam, a gama aiki ko sunansa ba a rubuta ba, alhali shi ya gane hannun wanda ya kwafi littafin.

Jami'o'inmu da ke shirin irin wannan aiki, a zaunar da malam da mai na'ura tare tun ranar da ake yanke kasafi, kuma a rubuta sunan kowa.