Asirin Mai Zuwa Duba, Na Wane Ne?

A Turai da Amurka akwai masu duba da wata irin karta mai kati 78, wadda ake kira tarot. Asalinta wasa ce a Italiya a ƙarni na 15, sai a ƙarshen ƙarni na 18 Faransawa suka mai da ita abin duba. Yau wasu masu wannan sana'a sukan adana bayanin duk wanda ya zo a kwamfuta, watau sunansa, da damuwarsa, da katin da ya fito masa.

To, shin wannan tsari nagarta ne? Ni dai ban yarda karta ta san gaibu ba, amma matar da ta faɗi matsalar aurenta amana ta bayar. In ta dawo baɗi, mai duba ya leƙa kwamfuta ya maimaita mata abin da ta manta ta faɗa, sai ta zaci karta ce ta tona. Nan rubutu ya zama tarko.

A ganina ma'aunin shi ne: ta san ana rubutawa? In ta ce a goge, za a goge? Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ba ta wannan haƙƙi. Amma ko babu doka, asiri na mai shi ne.