Shaidar Hali a Gaban Alƙali: Wa Zai Tsaya wa Tamar?

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-29

A kotunan Jos, kamar a sauran kotunan Nijeriya, bayan alƙali ya sami mutum da laifi yakan ba shi dama ya roƙi sassauci kafin a yanke hukunci. A nan ne akan kawo zancen halinsa: bai taɓa laifi ba, mai iyali ne, yana hidima a ikilisiya. Wani lokaci fasto ko dattijo ake roƙo ya rubuta masa takardar shaida. Idan laifin fyaɗe ne, yarinyar da aka cuta takan ji yabon macucinta daga bakin waɗanda suka yi mata baftisma.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan ciwo ba. Amnon ya yi wa ƙanwarsa Tamar fyaɗe. Sarki Dawuda ya husata ƙwarai, amma bai hukunta ɗan farinsa ba. Absalom ya umarce ta ta yi shiru. Aka rufa asirin gidan sarauta, Tamar kuwa ta zauna cikin kaɗaici, bayan shekara 2 kuma aka zub da jinin Amnon.

Sau da yawa sunan kirki shi ne mabuɗin da mugu yake buɗe ƙofa da shi. Iyaye ba sa barin 'yarsu a hannun baƙo. Kawu ko malamin makarantar Lahadi suke amince wa. Shi ya sa dokar 2008 ta jihar New South Wales a Ostareliya ta hana sassauci saboda kyan hali, in halin ne ya ba mutum hanyar cutar yaro. A ƙasar Ayilan kuma, dokar 2024 ta wajabta a ba da irin wannan shaida bisa rantsuwa.

Ikilisiya ba ta bukatar jiran majalisa, gama Misalai 17:15 ya nuna kuɓutar da mugu abin ƙyama ne ga Ubangiji. Jos ce mazaunin hedkwatar COCIN da ta ECWA, abin da aka soma a nan yakan kai nesa. Kada hatimin ikilisiya ya hau takardar shaida sai dattawa sun zauna, sun san laifin dalla-dalla. Mai rubutu ya faɗi abin da ya gani kaɗai. Kada a matsa wa iyaye su janye ƙara da sunan sulhu. A fara ziyartar gidan wadda aka cuta, zumuntar mata kuma ta raka ta kotu.

Ƙofar tuba a buɗe take ga mai laifi. Amma mai laifin da ya tuba a kan gicciye ya amince hukuncinsa daidai ne, sa'an nan Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi. Ubangiji ya ba ikilisiyarsa ƙarfin hali ta tsaya wa kowace Tamar. Amin.